Ƙulli a Bayan Tagar Oga

Kwamfutar Oga ce kaɗai ta ƙi, kuma daga nan masifar ta taso.

Lokacin jihar Kebbi ba ta gama tsayawa da ƙafarta ba, ina aiki a wani ofis a Yelwa, kusa da bakin ruwa, inda in iska ta juyo za ka ji ƙaurin bandar kifi har cikin fayil. Aka kawo mana kwamfutoci, aka ce ni zan haɗa su tunda ni na yi kwas. Aikin shi ne in shigar da kowace cikin domen, wato in gabatar da ita ga babbar kwamfutar da muke kira saba, mai riƙe da sunan kowa da kalmar sirrinsa. In saba ta karɓe ta, ta zama 'yar gida. Ta akawu ta shiga, ta mai buga takardu ta shiga. Ta Oga kuwa, da na danna sai ta yi dogon nazari, sannan ta ce ba ta ga domen ba.

Ni dama haƙuri bai ishe ni ba, Inna ta yi faɗa har ta gaji. Na canza wa kwamfutar suna, na duba lambar adireshinta, na daidaita agogonta da na saba, na kashe na kunna, na zage ta tas. Oga yana tsaye bayana yana huci a wuyana. A kwanakin nan yana rigima da mataimakinsa kan kujera, har ya daina shan ruwan randar ofis, daga gida ake kawo masa a gora.

Da dabara ta ƙare min, na kinkimo kwamfutar akawu na jona a ɗakin Oga. Ita ma nan take ta makance. Na ce, "Yallaɓai, waya ce." Shi kuwa ya ce a hankali, "Wato komi ya shigo ɗakina sai ya mutu."

Ɗakinsa gini ne daban, wayar ta fita ta taga, an turbuɗe ta sama-sama cikin ƙasa zuwa ɗakin saba. Na bi ta ina ja, ma'aikata suna biye da ni don kallo. A tsakiyar 'yar gonar kuɓewar da mai gadi ya shuka, wayar ta fito da wani dunƙule baƙi ƙirin. An naɗe shi da zaren koma, an shafe da kwalta irin ta liƙin jirgin ruwa.

Baba mai gadi tsohon masunci ne daga wajen Warra, ruwan dam ya ci garinsu tun yana saurayi. Ya matso da murmushinsa ya ce, "Ni na gyara, ɗana. Hauyata ta sare ta ina noma, sai na ƙulle. Ko giwan ruwa ba ta tsinka ƙullin ga." Ya fere siraran wayoyin ciki, ya murɗe su wuri ɗaya, ya ɗaure yadda ake ɗinke koma. A ruwa aiki ne mai kyau, a waya kuwa ya kashe ta.

Oga bai ji ko ɗaya ba. Abin da ya gani shi ne ƙulli baƙi, binne a bayan tagarsa. Ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Kafin Baba ya buɗe baki direban Oga ya zabga masa bel ɗin mota a fuska. Masinja ya kwashe ƙafafunsa, ya faɗi cikin kuɓewar. 'Yan achaban bakin ƙofa suka ji ana cewa an kama mai asiri, suka afko, ba wanda ya tambayi komai. Duka ta ko'ina, da ƙafa, da icce, da hauyar tasa. Direba ya take hannunsa na dama da takalmi ya murza, ni da kunnena na ji ƙarar yatsun. Baba bai yi kuka ba, salati kawai yake yi, jini na bin gemunsa.

Idona ya rufe. Filayar matse kan waya tana hannuna, na maka wa direba ita a goshi, gira ta tsage. Wani ya naushe ni a baki, haƙorina na gaba ya tafi, har yau gurbin yana nan. Na kwanta kan tsohon ina zaginsu har kakanninsu. Da suka ga jinin ma'aikaci sai suka ja baya, don shi ana tambayar ba'asinsa.

Oga ya ce in tashi in sa sabuwar waya yanzu. Na san abin da zai biyo baya. Na tofar da jini na ce, "Yallaɓai, in na canza waya dole kwamfutar ta shiga. Ko ɓera ne ya ci ta, haka za a yi. Bari in yanke wata in ɗaure a gabanka, ka ga ita ma ta mutu."

"Ka ƙara min wani ƙullin cikin ofis? Ko da kai aka haɗa baki?"

Na ce to ba zan taɓa ba, in ya so ya kore ni. Sai Baba ya kama bakin wandona da hannun hagu ya ce, "Gyara musu, ɗana. Ai don ta gyaru na ɗaure."

Na ja sabuwar waya ta ƙofa, na matse kawunanta, ina roƙon Allah a zuci ta ƙi. Ban taɓa ƙin aikina kamar ranar ba. Na danna, kwamfutar ko nazari ba ta yi ba, ta fito da saƙon maraba, saba ta karɓe ta.

Oga ya juya ga jama'ar da ta cika ƙofa ya ce, "Kun gani? Ana cire shi ta buɗe." Kowa ya gyaɗa kai, har akawu da ya riƙa ba da haƙuri ɗazu. Aka watso wa Baba tabarmarsa da butarsa waje, ba ɗan achaban da ya yarda ya ɗauke shi.

Ni na goya shi a mashin ɗina zuwa gidan wani mai ɗori a cikin gari, hannun yana kumbura a kafaɗata. Labari ya riga mu isa. Mai ɗorin ya leƙo daga zaure, ya dubi yatsun, ya dube ni, ya ce, "Wanga shi na mai ƙullin?"

Na ce masunci ne, waya ya gyara.

Ya mayar da hannayensa cikin riga ya ce, "Ku gwada wani wuri."