Wanda Na Sace wa Bijimi Shi Ya Ciro Ni Daga Ruwa

Ni ɗan Yammedi ne, a ƙasar Ƙaraye. Kafin in lalace ni ke riƙe da gonar gyaɗar mahaifinmu, kuma ba a taɓa jin kaina da kowa ba. Samari, sunana ba zai amfane ku ba, labarin nake so ku riƙe.

A kasuwar Rogo abin ya faro. Na kai gyaɗa, wani dillali da muka saba ya ja ni bayan gari ya miƙo mini ƙwaryar burkutu. Ya ce, "Kurɓi kaɗan, gajiya ta sake ka." Na kurɓa. Da kasuwa ta zagayo, ni na je nemansa. Daga nan na fara ɗibar gyaɗa a rumbu ina sayarwa a ɓoye, daga gyaɗa na koma kan awakin maƙwabta.

Duk azumi nakan ajiye sha, ina ce wa kaina ai ga shi ina iya bari in na ga dama. Sallah na wucewa sai in koma. Wannan ajiyewar ta fi komai cutar da ni, don ita ta hana ni ganin ciwona.

Ƙarshe na kore bijimin Baffa Jauro, wani dattijon makiyayi da ke zaune wajen Unguwar Hajji. Da bijimin yake huɗar gonarsa. Kafin a kama ni har an yanka shi. Alƙali ya tura ni gidan yari. A can babu giya, jikina ya yi ta rawa kamar mai masassara, daga baya ya lafa. Ranar da na fito, mahaifiyata ta riƙe hannuna ta ce, "Ka bari ke nan, ko hutawa ka yi?" Na ce, "Inna, bari dai in gwada zuwa kaka." Ta saki hannun.

Ban kai kakar ba. Wata rana da damina, bayan la'asar, na sha na bugu na nufo gida. Rafin da ke kan hanya ya kawo, jawur, yana tafe da rassan itatuwa. Na faɗa ciki. Ruwa ya juya ni kamar karan dawa. Na so in yi kalmar shahada, harshena ya ƙi, ɗacin giya ne kawai a bakina. Wallahi ba mutuwar ce ta firgita ni ba, sai haɗuwa da Ubangijina a wannan hali.

Sai na ji sanda ta bugi ƙirjina, ana ihu, "Kama! Kama!" Na kama. Da aka ja ni gaɓa na amayar da ruwa, na ɗaga ido, sai ga Baffa Jauro, jiƙe sharkaf har wuya, yana haki, shanunsa tsaye a bayansa.

Na ce, "Baffa, ka gane ni kuwa?"

Ya ce, "Tun kana gangarowa na gane ka."

"To me ya sa?"

Ya ce, "Bijimi nawa ne, kuma na ji zafinsa, da fartanya na yi noma bara. Amma rai na Allah ne. Tashi, ɗana, sanyi zai kama ka."

Ya yafa mini mayafinsa. Ashe ma ba nan yake bi ba, ruwa ne ya tare masa mashigi a sama ya gangaro. Har yau in na tuna tsigar jikina takan tashi. Duk mutanen ƙasar nan, wanda na zalunta shi Allah Ya aiko, a daidai wannan lokaci.

A bakin rafin na yanke shawarar barin giya, ba zuwa kaka ba, ba zuwa azumi ba, har in koma ga Allah. Na sha wuya, don sha'awar takan taso. In ta taso sai in ɗauki fartanya in tafi gonar Baffa.

Samari, kada ku ɗanɗana. Wanda kuma ya riga ya fara, in zuciya ta ce ka ajiye na ɗan lokaci, tambaye ta wa ya ba ta tabbacin kaiwa lokacin. Ni an miƙo mini sanda. Ba kowa ake miƙa wa ba.