Zakaran da Na Ba Surukina

Kajin da na gada wurin mahaifiyata durgu ne, gajerun ƙafafu, jajaye, ƙirji kamar zai taɓa ƙasa. Ita ma wurin kakarta ta samo irin, a wata ruga bayan Garun Malam, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa barin baƙon zakara ya hau mata kaza ba. Ni kuwa na fi ta ɗaukar abin da zafi. Na kewaye musu bayan ɗaki da kara da waya, na rufe sama da tsohuwar raga. In zakaran maƙwabta ya samu kafa ya faɗo, to ƙwan wannan lokacin na soyawa ne, ba na kwanci ba. A majalisa dogarin kaji suke ce mini. Su faɗa mana, ai ba kajinsu ba ne.

Shekarar da annobar kaji ta ratsa ƙauyukanmu na Kura, daidai nunar tumatirin rani, kullum da kwando nake kwashe matattu. Da abin ya lafa, kaji mata kaɗan suka rage mini da zakara ɗaya tilo. Na zaga kasuwanni neman na biyu, ban samu tsantsar durgu ba, duk an gauraya su da na gidan gona. In wannan ya tafi, irin mahaifiyata ya ƙare.

Ana haka surukina, mahaifin maiɗakina, ya zo daga wajen Bunkure ganin jika. Ya zagaya bayan ɗaki zai yi alwala, sai ya tsaya cak da buta a hannu.

"Masha Allah! Rabona da ganin irin wannan tun ina saurayi."

Bakina, wannan bakin da ba ya shawara da ni, ya ce, "Ai naka ne, Baba."

Kowa ya san yadda ake yi. In babba ya yaba abinka haka kake cewa, shi kuma ya ce a'a, a bar shi nan ya yi iri. Amma tsohon nan sai fuskarsa ta washe, ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Wallahi ni da hannuna na ɗaure wa zakaran ƙafafu, na sa shi a kwandon kekensa, ina murmushi kamar wawa.

Maiɗakina har da riƙe ciki don dariya. "Kai ka faɗa, Malam, ba wanda ya matse maka baki. Ko in aika wa Innarmu ta karɓo maka shi?"

Na ce kul. Ina namiji, a ce mata ce ta karɓo mini kyautar da na yi? Da kaina zan je. Ba cewa zan yi a dawo mini da shi ba, Allah ya sawwaƙe, aro zan roƙa har kajin su yi kwanci. Bayan 'yan kwanaki na ɗaura shinkafa a bayan babur, na bi gefen kanal ɗin noman rani, ina ta maimaita maganar da ƙarfi har masu ban ruwa suna ɗago kai.

Na isa da hantsi. Aka shimfiɗa mini tabarma a soro, na rakuɓe a gefenta, kai a ƙasa. Daga nan ina hango akurkinsu a buɗe, wayam, ko tsako babu. Ashe su ma annobar ta share su. Sai ga cara daga cikin gida, mai kauri, wadda ko a cikin kasuwa na ji ta zan gane.

Muka gaisa da Baba. Muka yi zancen sakin ruwa a kanal, muka yi na taki, muka yi na tumatirin da ke ruɓewa a bakin titi. Duk lokacin da na ɗauko maganar, sai in mayar da ita. Ta yaya zan dubi mutumin da ya ba ni 'yarsa in ce masa zakara na biyo? Can ya miƙe ya ce bari ya leƙa ciki.

Ba a jima ba na ji guje-guje a tsakar gida, na ji fuffuka, na ji ana neman wuƙa. Na gane sarai. Tsakanina da su zana ɗaya ce, ko tari na yi za a ji. Amma ban yi tarin ba. Kunyar tsohon ta danne ni a kan tabarmar nan, kunyar mahaifiyata kuma tana cina ta ciki.

Bayan azahar aka ajiye mini kwano, kowa ya janye, don mijin 'ya ba ya ci a gaban surukai. Na buɗe. Tuwon shinkafa ne, a kan miyar kuma ga cinyoyin nan gajeru. Mayar da shi ba a taɓa ba cin fuska ne. Na yi bismilla na ci, na rage kamar yadda ake yi. Abin da ya fi ƙona mini rai, miyar ta yi daɗi.

Da zan tafi Baba ya rako ni har bakin kwalbati.

"Ka yi haƙuri da ɗan abin da aka samu," in ji shi. "Na so in bar zakaran nan in riƙa kallo, amma shi kaɗai ke gidan, kuma ba za ka tako har nan a ba ka gayan tuwo ba. Na ga kamar akwai magana a bakinka. Lafiya dai ko?"

Na durƙusa, ban iya ɗaga ido ba.

"Lafiya lau, Baba. Gaisuwa ce kawai ta kawo ni."