Baba Na'allah Maƙeri da Buzunsa

Ina tsakiyar darasi a Sakkwato ƙanena Sanusi ya kira ni daga Illela. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya ce, "Yaya, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye alli na nufi tasha.

Mahaifinmu, Baba Na'allah, maƙeri ne mai tambayar tsiya. Duk manomin da ya kawo gyaran kalme, wato fartanya, daga Araba ko Tozai, ba zai tashi ba sai ya faɗi yadda ake gaisuwa a garinsu, da wanda ke fara sa hannu a akushi, da dalili. Yakan ce, "Kowace al'ada da aikin da taka yi, ko da mai ita ya mance." Mu 'ya'yansa mun sha jin kunyar wannan bin diddigi.

Babban amininsa Agali ne, wani Buzu da ke kawo raƙuma kasuwa daga hayin iyaka. Tsakanin maƙera da Buzaye akwai wasa na gado, su biyun kuwa sun riƙe shi da gaske. Agali na dosowa zai ɗaga murya, "Ina bawana mai baƙin hannu?" Baba ko ɗagowa ba ya yi, sai ya ce, "Ku ɓoye guduma, ɓarawo ya iso." Na taɓa tambayarsa amfanin wannan zage-zage. Ya ce, "Takobin Buzu hannun maƙeri yaf fito. Kakanninmu sunka ga gara mu zagi juna muna dariya."

Na ga aikin wasan da idona ranar da rigima ta kaure tsakanin Agali da wani dillali, har 'yan kasuwa suka yi masa zobe, ga shi baƙo. Baba ya kutsa da gawayi a fuska yana faɗa, "Wa ab ba ku izinin zagin bawana? Ni ɗai ka zagin shi garin ga!" Aka kwashe da dariya, aka zauna aka sasanta.

Tun ranar jana'iza Sanusi, wanda ya fi ni karatun addini da zafin rai, ya gargaɗe ni. "In Buzun nan yaz zo da wasa cikin makoki, ni ka tashe shi." Na san idan aka tashe shi ba zai sake taka gidanmu ba, zumuncin da aka gada ya yanke a hannunmu ke nan. Amma ni ma ban san ko wasa na da wuri a gaban mutuwa ba.

Muna zaman makoki Agali ya iso. Ya yi ta'aziyya, ya shafa fatiha, ya daɗe yana kallon maƙerar da ba wuta. Sannan ya ce, "Bawan banza. Ya gudu bai nemi izinin ubangidanai ba." Sanusi ya yunƙura, na dafe gwiwarsa. Ban taɓa yi wa dattijo irin wannan magana ba, amma na ce, "Ya bar muna wasicci mu ƙirga gudumomi in ka tashi."

Agali ya yi dariya, dariyar ta koma kuka, ya ja rawani ya rufe idonsa. Sanusi ya miƙe ya shiga gida. Da ya fito, shayi ne a hannunsa, ya ajiye a gaban tsohon.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Ya ba mahaifiyarmu da mu haƙurin rashinsa, Ya ba Agali nasa, domin shi ma maraya ne yanzu. Amin.