Burodin Baba Dabo Marar Gishiri

Na fara haɗuwa da Baba Dabo ranar Asabar, 14 ga Yuli, 1979, a titin Wendover, a garin Turawan da nake zaune. Ina dawowa daga siton da nake aikin akawu, na hango dattijo da hula yana tafiya a ƙasa, motoci na gilmawa ta gefensa. Na tsaya.

"Baba, ina zuwa?"

"Ƙofar gari nake nema."

"Ai garin nan ba shi da ƙofa."

"Shi ya sa na kasa zama," in ji shi.

Kuku ne. Wani injiniya ɗan Italiya da ya yi wa aiki a Kano ya tafi da shi garinsu, ya daɗe can. Gari ne a kan tsauni, da ganuwar dutse da hasumiyar agogo, da rijiya a dandali wadda ta raya su lokacin da mayaƙa suka yi musu ƙawanya. A can ya koyi burodinsu marar gishiri, mai tafiya da miyar wake da man zaitun. Wai kakanninsu ne suka ƙi biyan harajin gishiri.

Ɗansa Husaini, ɗalibin jami'a, shi ya kawo shi gidansu na McLeansville, can bayan garin da nake zaune. Ba maƙwabci, ba dandali. Wuni yake yana zaga gida.

A 1983 Baba ya nemi aiki wurin wani tsohon Ba'italiye mai gidan abinci, tsohon ya ce ya kawo burodi guda. In ya yi kamar na can Italiya, aiki nasa ne. Baba ya kwaɓa, ya rufe, ya tafi alwala. Kubura matar Husaini ta ɗanɗana kwaɓin, ta ji salam, ta zuba gishiri ta murza don kada ya ji kunya.

Ni na kai shi. Tsohon ya gutsura, ya tauna.

"Da daɗi. Amma irin wannan kowane kanti akwai."

Baba ya ɗanɗana. Da muka isa gida ya kira surukarsa.

"Kubura, kin taɓa mini kwaɓi?"

"Baba, gani na yi ka manta."

"'Yar nan, gari guda ne za su manta tun kaka da kakanni?"

Na ce mu koma mu yi wa tsohon bayani. Ya ƙi, ya ce ba zai kai sunan surukarsa gaban baƙo ba.

A watan Maris na 1984 ya koma Kano. Ya rasu a Fagge a 1988.