Jakar Harsashin Kaka

Ƙusar bango na fara gani da na iso Hamdara hutun lakwal, wato makarantar boko: babu bindigar Kaka a jikinta. Bayan rasuwarsa Baffa ya miƙa ta ga jandarma. Jakar fatar da yake zuba harsashi kuwa tana cikin tarkacen da za a ƙone.

Kaka ba ya ɗura harsashi sai ya shinshina shi. Sau ɗaya ya tafi da ni daji, harsashi guda ɗaya ya rage masa. Muka kwanta bayan sabara, yashi na ƙona mini gwiwa. Barewa ta fito can nesa, kunnuwanta na rawa. Ya auna ta, na toshe kunne. Shiru. Sai ya sauke bindiga.

"Kaka, ta tafi!"

"Bar ta, amarya. Harsashin nan ya sha damina. Daga nan rauni kawai zai yi mata, ta je ta mutu inda wuƙata ba ta kaiwa."

Ranar ba nama muka ci tuwo. Allah ya tausaya masa yadda ya tausaya mata.

Ban saba magana gaban manya ba, amma da Baffa ya ƙyasta ashana, na ce, "Baffa, don Allah a bar mini jakar nan."