Rawanin Malam a Cikin Injin Wanki

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a tsakar gidan ɗana a Ikara, ina tsince wake, sai na ji injin wanki ya canza murya. Da yana ta gurnaninsa na kullum, sai ya yi wani nishi, ya ƙara, ya tsaya cik. Jikata ta leƙa, ta ce mayafinta ne ya naɗe a ƙarƙashin abin nan na tsakiya mai juya kaya. Ni kuwa faifan waken ya kusa suɓuce mini. Na san wannan nishin. Sau ɗaya na taɓa jin sa, ina 'yar shekara tara, kuma tun daga ranar gidanmu bai sake komawa daidai ba.

Za ka ce me ya haɗa ƙauye da injin wanki a wancan zamani. Ban ga laifinka ba, mu ma da muka gan shi ba mu san inda za mu ajiye shi a ranmu ba. A Gazara muke, ta wajen Makarfi, kuma gidanmu gidan karatu ne. Kakana shi ne limamin gari, kowa Malam yake ce masa, har 'ya'yansa. Babana ne ɗansa na fari, shi aka sa ran zai gaji zaure da littattafai. Sai ya rufe littafi ya tafi Zariya, ya zama mai wanki da guga a gidan wani Baturen auduga, ya bar mu ni da mahaifiyata a gida. Malam bai yi masa baki ba, amma kuma bai yafe ba.

Da aka samu mulkin kai, Turawa suka fara ɗaure kayansu. Baturen Baba ya sallame shi da injin da ya yi shekaru yana yi masa wanki da shi. Baba ya dawo gida, injin kuwa a mota aka kawo shi Makarfi, daga nan aka ɗora a amalanken shanu, yara na biye har ƙofar gida. Fari ne, mai ƙafa huɗu, bakinsa a sama kamar tukunya, da ɗan injin fetur a gindi wanda ake takawa da ƙafa ya tashi. A tsakiyarsa akwai wani ƙarfe a tsaye mai fukafukai, da ɗan murfi a kansa kamar hula, yana juyawa dama ya dawo hagu. Kakata, wadda muke kira Inna, ta leƙa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe su Nasara tuƙa tufafinsu suke yi." Tun daga nan sunan ƙarfen ya zama muciya.

Har yau in na ji warin fetur ya haɗu da na sabulu, lokacin yankan rake nake tunawa. Maza su dawo daga fadama da riguna sun yi dauɗa da ruwan rake, Baba ya karɓa ya zuba a injin, su fito fes. Mata har daga maƙwabta suke shigowa kallo. Malam kaɗai ne bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba, yakan wuce shi kamar yadda ake wuce kututture. Kullum da safe Baba zai durƙusa a ƙofar zaure ya yi gaisuwa mai tsawo, Malam ya ce "Lafiya" ba tare da ya ɗago daga littafi ba. Ina yarinya, amma abin yana ci mini rai.

Akwai wata al'ada a gidanmu. Ranar Sallah, ɗan da Malam ya yarda da shi, shi ke ɗaukar masa buzu da sanda, ya bi bayansa zuwa filin idi, ya shimfiɗa masa a gaban jama'a. Ba a taɓa faɗa da baki cewa wannan ne magaji ba, amma duk gari ya san ma'anarsa. Tun tafiyar Baba, baffana, ƙanensa, ke ɗauka. A azumin shekarar Inna ta sa Malam a gaba, yau ta yi magana, gobe ta yi shiru, jibi ta kawo zancen ta wata hanya. Ana saura kwana uku Sallah ta fito daga turakarsa ta ce wa Baba, "Bana kai za ka ɗauki buzu." Ban taɓa ganin babba ya rasa inda zai sa hannunsa kamar Baba a ranar ba. Ya share tsakar gidan da aka riga aka share.

To, ga rawanin. Fari ne, mai laushi da tsawo, malamin da ya karantar da Malam a Likoro ne ya naɗa masa da hannunsa ranar da ya sallame shi. Sau biyu kawai yake fitowa a shekara, ƙaramar Sallah da babba. Inna kaɗai ke wanke shi, shi ma ba wanki irin namu ba. Ta jiƙa shi a sabuwar ƙwarya da sabulun salo, ba cuɗawa, ba murɗawa, ta ɗan danna da tafin hannu, ta shanya a inuwa.

Ranar jajibiri da safe Inna ta jiƙa shi, aka kira ta maƙwabta wata na naƙuda. Baba ya tada injin da kayan Sallar mutanen gida, ya ɗauki garwa ya tafi rijiya ƙaro ruwa. Na rage ni kaɗai, ga ƙwarya, ga inji yana juyi. Na sha ganin Baba yana ware mayafai da rawuna yana wankewa da hannu, amma na ɗauka tsimin fetur yake yi, ban taɓa tambaya ba. Abin da na tsara a raina shi ne, Malam zai ga rawaninsa ya yi farin da bai taɓa yi ba, ya tambaya, a ce masa injin ɗansa ne, shi ke nan ya yi murmushi. Dabara ce irin ta 'yar shekara tara, kuma a lokacin na ga babu mai wayona a Gazara. Na tsamo rawanin na jefa.

Da farko ya yi ta yawo a kan kumfa. Sai muciya ta kama bakinsa, ta fara naɗewa, ta ja shi ƙasa ina kallo. Injin ya yi nishin nan, ya ƙara, ya mutu.

Baba ya shigo ya dire garwa. Ya kwashe kayan, ya kwashe ruwan da ƙoƙo, sai ga rawanin ya nannaɗe muciya tam, rabinsa ya shige ƙarƙashinta inda ko yatsa ba ya shiga. Ya juyo ya dube ni sau ɗaya. Hannun rigata a jiƙe yake har gwiwar hannu. Ya mayar da idonsa kan rawanin. Inna ta dawo ta ga ƙwarya babu komai, ta ce, "Wa ya taɓa mini wannan?"

"Ni ne, Inna," in ji Baba.

Ina tsaye a wurin, bakina a rufe. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma na tsani kaina saboda shi har yau.

Baba ya gwada ja a hankali, zaren ya yi ƙara, ya saki. Ba yadda za a yi sai an cire muciya. A nan ne na gane wani abu da ya ba ni mamaki. Duk shekarun da ya yi da injin nan, bai taɓa ganin ƙarƙashinta ba. Bature ya koya masa awon sabulu da yadda ake taka injin, amma ranar da za a buɗe ciki makanike ake kira daga gari, shi kuma a tura shi guga. Ya san injin kamar yadda baƙo ya san gida, daga zaure zuwa inda aka ba shi tabarma.

Maza suka taru, kowa da shawararsa, amma duk sun yarda da abu guda: abin da aikinsa juyi ne, da juyi zai fita. Baba da baffa suka rungume ta suka murɗa hagu, ta ƙi. Suka murɗa dama. Aka kawo tabarya aka soka tsakanin fukafukan, mutum huɗu suka danna. Aka tsiyaya man gyaɗa a gindinta. Ba wanda ya kula da ɗan murfin da ke kanta, an ɗauka ado ne. Kuma duk murɗar da suka yi, ƙara shaƙe rawanin take yi. Ga azumi, ga rana, leɓunan Baba sun bushe sun tsage, tafin hannunsa ya saɓule. Aka yi azahar aka dawo, aka yi la'asar aka dawo. Malam yana zaure, yana jin komai, bai aiko ya tambaya ba.

Bayan la'asar aka kira maƙeri. Ya zo da guduma da kurfin sarar ƙarfe, ya zagaya injin, ya ce wa Baba, "Wanne kake so ya tsira, injin ko rawanin?"

"Rawanin," in ji Baba, ko tunani bai yi ba.

A duka na uku muciya ta tsage, sandar da take zaune a kai ta karkace. Sai ga baƙin mai yana ɓulɓulowa daga ƙasa, yana bin farin yadi yana hawa. Inna ta juya baya. Da aka zaro rawanin, gida uku ya fito, baƙi ƙirin, yana warin gareji. Ɗan murfin nan ya faɗo kusa da ƙafata, na ga inda ya tashi akwai noti guda ɗaya a zaune lafiya lau, ba wanda ya taɓa shi. Ban san amfaninsa ba, na dai gan shi.

Baba da kansa ya ɗora tsumman a faifai ya kai zaure, ya durƙusa. Na laɓe a bayan zana. Malam ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa ya taɓa gefen da man bai kai ba.

"Wa ya sa shi a ciki?"

"Ni ne, Malam."

"Da ka bar karatu, na ce wa kaina to ko wankin ya iya," in ji Malam a hankali. "Tashi ka je."

Washegari Malam ya fita da rawaninsa na yau da kullum, baffa na biye da buzu da sanda. Ba wanda ya ce an fasa, ba wanda ya tambaya. Baba ya yi sallarsa a sahun baya. Kafin ruwan farko ya sauka ya tafi Kaduna neman aikin wanki, daga nan zuwansa ya koma na baƙo, kwana ɗaya ya juya. Injin kuwa aka ja shi bayan ɗaki, Inna tana zuba wa awaki dusa a ciki.

Na yi shekara uku ina kai wa Malam ruwan alwala, kullum da maganar a bakina, kullum in fito da ita. Ya rasu yana ganin ɗansa ne ya raina rawanin malaminsa har ya jefa shi cikin kayan Nasara. Baffa ya gaji zaure. Bayan na yi aure na taɓa ɗauko zancen a gaban Baba, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Bar shi, uwata, ai ya wuce." Bai wuce ba. A ɗakin haya ya rasu a Kaduna, bai sake zama a zauren ubansa ba.

Shekaranjiya dai jikata ta cire wayar wutar injin daga bango, ta duba wani abu a wayarta ta hannu. Ta sa bakin cokali ta ɓalle murfin da ke kan muciyar, ta kwance noti guda, ta sa hannu biyu a ƙarƙashi ta ɗaga. Ta fito salin alin. Mayafin ko zare bai ja ba. Duka aikin bai kai tsawon alwala ba.

"Kin gani, Hajiya? Ba a murɗa ta, sama kawai ake ɗagawa."

Yaran yanzu sun san cikin abubuwa, abin da aka ɓoye wa iyayenmu yana tafin hannunsu. Ina taya su murna, amma ni bai amfane ni da komai ba. Malam ya tafi, Inna ta tafi, baffa da maƙerin duk sun tafi, zauren ma an rushe shi an yi shago. Na ce ta miƙo mini muciyar in riƙe. Ta roba ce, ba ta da nauyi ko kaɗan. Ina riƙe da ita na ji maganar ta fito da kanta, bayan shekara sittin da wani abu.

"Ni na sa rawanin," na ce.

Jikata ta ɗago tana matse mayafinta. "Wane rawani, Hajiya?"