Shimfiɗar ɓerayen Baba Tsaf

Shekara ashirin da biyu Baba Tsaf yana kula da ɓerayen ɗakin gwajinmu, kuma ban taɓa ganin mai tsabta da taurin kai irinsa ba. A da shara yake yi a asibiti. Yanzu farin ɓera yake yi wa magana kamar jikansa, mu ɗalibai kuwa kallon ƙazamai yake mana.

Digirina ya rataya a kan ɓeraye arba'in. Rabi ina yi musu allurar sinadarin mazantaka, rabi ba na yi, don in ga ko allurar tana ƙara wa hanta ƙarfin kashe guba. Wata biyar ina fama. Da aka yanka su na auna hantar, sai na tarar ƙarfin ya tashi a duka, masu allura da marasa allura. Na sake awo sau uku, na zargi na'ura, na zargi kaina, har kuka na yi don takaici.

Ran nan na leƙa ɗakin kejin, wani ƙamshi ya doki hancina.

"Baba, me kake shimfiɗa musu?"

"Kin ji ko?" Har da murmushinsa. "Dusar katako ce mai ƙamshi, daga wajen surukina kafinta. Waccan da kuke kawowa zarni take riƙewa."

"Tun yaushe?"

"Tun zuwan ɓerayenki."

Nan take na gane. Man da ke cikin irin wannan katako shi kansa yana zaburar da hanta. Wata biyar ɓerayena suna kwana a kansa suna shaƙa.

"Baba, don Allah wa ya aike ka? Ka tambayi wani?"

"'Yata, a kan shimfiɗa ma sai na nemi izini? Ke za ki iya kwana cikin zarni?"

Na yi masa bayani. Na ce shugabar sashe ta riga ta faɗa: in awon bai fito ba, daga farko zan sake, abokan karatuna su gama su bar ni. Ko gezau bai yi ba. Can sai ya ajiye tsintsiya.

"To su arba'in ɗin nan, a banza aka yanka su ke nan?"

Na so in sassauta masa, tsoho ne, amma haushi bai bar ni ba.

"A banza, Baba."